Dokta Joseph Lennox Pawan, likitan da ya gano jemage na iya sa ma mutum ciwon haukan kare

Duk inda aka ambaci ciwon haukan kare, hankalin kowa wajen kare yake komawa, kuma da gaskiyar mutane, tunda sunan ma daga wurinshi aka samo shi. To amma akwai wata ƙasa da ta yi shekara 15 ba a ga mahaukacin kare ko ɗaya cikinta ba, sai ga shanu da mutane suna ta mutuwa da wannan ciwo. Likitoci suka yi ta laluben abin, suna ba shi sunayen wasu cututtuka dabam. Wanda ya warware matsalar wani ɗan ƙasar ne mai suna Dokta Joseph Lennox Pawan, shi ne mutum na farko da ya tabbatar cewa jemage mai shan jini na iya sa ma ɗan Adam ciwon haukan kare. Tun daga farko mu kwantar maku da hankali: irin wannan jemage babu shi a Nijar, babu shi a Afirka baki ɗaya. Amma tarihin mutumin nan na da abin da zai amfani mai kiwon bisashe, da mai saye da sayar da su, da duk uwar da ke da yara masu wasa da kare.

Haihuwa da karatu

An haifi Pawan ran 6 ga watan Satumba na shekara ta 1887 a Tirinidad. Tirinidad tsibiri ne cikin teku, can gefen Amurka ta Kudu, kilomita 11 kawai ke tsakaninshi da ƙasar Benezuwela a inda suka fi kusa da juna. Ƙaramar ƙasa ce, jahar Maraɗi ta ninka ta fiye da sau takwas a faɗi. Turawan Ingila ne suka ƙwace ta daga hannun Sipaniyawa a shekara ta 1797, suka riƙe ta har zuwa 1962. Yawancin mutanenta jikokin ƴan Afirka ne da aka kai can, cikinsu har da Yarbawa da Hausawa, da kuma jikokin ƴan ƙwadago da aka ɗauko daga Indiya tsakanin 1845 da 1917, bayan an hana bauta. A da, arzikin ƙasar rake ne da koko da kwakwa, daga baya man fetur ya shigo.

Pawan ya yi karatu a makarantar Saint Mary da ke Port of Spain, babban birnin ƙasar. A zamanin nan gwamnatin mulkin mallaka na ba ɗalibai ƙalilan da suka fi kowa ƙoƙari kuɗin tallafi don su tafi Turai ƙaro ilimi. Ga ɗan tsibirin da ke son zama likita, wannan ita ce babbar ƙofa. Pawan ya ci wannan tallafi a 1907, yana da shekara 20. Ya tafi jami'ar Edinburgh da ke Sikotilan, ɗaya daga cikin manyan makarantun likitanci na duniya a lokacin, ya gama a 1912 da takardar shaidar likita da ta aikin tiyata.

Kamin ya koma gida sai ya biya ta Faransa, ya ƙara karatu a cibiyar Pasteur. Wannan cibiya kuwa sanadiyyar ciwon haukan kare aka gina ta. Ran 6 ga watan Yuli na 1885 Louis Pasteur ya fara yi ma wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister allurar rigakafin ciwon, bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron ya rayu. Labarin ya bazu duniya, mutane suka tara kuɗi, aka buɗe cibiyar a birnin Paris a 1888. Wato Pawan ya koyi aiki a gidan da ya fi ko'ina sanin wannan ciwo, kusan shekara 20 kamin ya haɗu da shi a ƙasarsu cikin wata kama da ba wanda ya zata.

Likitan karkara

A 1913 ya dawo Tirinidad. Ya fara aiki a matsayin mataimakin likitan tiyata a babban asibitin gwamnati na Port of Spain. Daga nan aka tura shi likitan gunduma a tsibirin Tobago, sa'annan a Cedros, wani yanki na masunta da manoman kwakwa a ƙarshen kudu maso yammacin ƙasar, wanda ke fuskantar Benezuwela. Aikin likitan gunduma aiki ne na shiga ƙauyuka, don haka ya ga irin ɗakunan da talakawa ke kwana, ya ga yadda suke zaune da bisashensu.

A 1923 aka naɗa shi likitan binciken ƙwayoyin cuta na gwamnati. Shi kaɗai ne mai wannan muƙami a ƙasar duka. Aikinshi na cikin ɗakin awo ne, gaban madubin likita, wato na'urar nan da ke girmama abin da ido ba ya gani. Jinin marar lafiya, da majina, da ruwan sha, da naman gawar da ba a san abin da ya kashe ta ba, duk wurinshi ake kawowa. Shekara biyu da kama wannan aiki, abin da zai fitar da sunanshi duniya ya taso.

Shanu sun fara faɗuwa

A 1925 shanu suka fara mutuwa a Tirinidad ta wata irin hanya. Saniya sai ta daina cin abinci, miyau na zuba daga bakinta, ƙafafun baya su yi sanyi, ta riƙa jan gindi, ta kwanta, cikin ƴan kwanaki ta mutu. Likitocin dabbobi suka ce guba ce irin wadda ke fitowa daga ruɓaɓɓen abinci ko mushe. Aka yi ta magani kan haka, shanu na ci gaba da mutuwa.

A 1929 abin ya tsallako kan mutane, ya fara daga yankin Siparia da ke kudancin ƙasar. Marar lafiya yakan fara da zazzaɓi da jin zafi ko ƙaiƙayi a ƙafa. Sai ƙafafun su mutu. Sai shanyewar ta riƙa hawa sama, fitsari da bayan gida su tsaya, hannuwa su bi, har ta kai ga ƙirji numfashi ya gagara. Ba wanda ya tashi daga cikin waɗanda ciwon ya kama. Ganin shanyewar ƙafafu, likitoci suka ce shan inna ne.

Mi ya sa ba su yi tunanin haukan kare ba? Dalili biyu ne. Na farko, rabon da a ga ciwon a jikin kare a Tirinidad tun 1914, kuma cikin marasa lafiyar ba wanda kare ya ciza. Na biyu, abin da kowa ya sani game da ciwon shi ne marar lafiya ya riƙa fizge-fizge, yana tsoron ruwa, yana tsoron iska. Waɗannan kuwa yawancinsu kwance suke shiru, jiki ya mutu. Yau an san ciwon kama biyu gare shi, akwai mai hauka akwai mai shanye jiki, kuma ƙungiyar lafiya ta duniya OMS ta ce kamar mutum ɗaya cikin biyar mai shanye jiki ne ke kama shi. A wancan lokaci likitoci kaɗan ne ke kawo wannan a rai.

Abin da madubin likita ya nuna

Pawan bai tsaya kan sunan da aka ba ciwon ba. Ya ɗauki ƙwaƙwalwa da lakar waɗanda suka mutu, ya riƙa gwada su a jikin dabbobin gwaji, ya kuma aika da wasu Landan wurin wani masani mai suna Weston Hurst na cibiyar Lister. Akwai wata alama da wani likita ɗan Italiya, Adelchi Negri, ya gano a 1903: wasu ƴan ɗigo-ɗigo da ke fitowa cikin ƙwaƙwalwar dabbar da haukan kare ya kashe. In aka gan su, magana ta ƙare. A dabbobin gwajin aka ga waɗannan ɗigo. A 1931 Pawan da Hurst suka fitar da sakamakon cikin mujallar likitoci ta Lancet, suka bayyana cewa ciwon da ke kashe mutanen Tirinidad haukan kare ne, ko da yake ba a samu labarin cizon kare ba. Ciwon shanun ma aka gane shi ne.

Saura tambaya guda: in ba kare ba, wa ke ɗauke da shi? Tun 1911 wani likita a Burazil mai suna Antonio Carini ya yi zargin jemagu na da hannu a mutuwar shanu da dawakin kudancin ƙasar, amma mutane da yawa ba su ɗauki zancen da muhimmanci ba. A Tirinidad, likitan dabbobi na gwamnati, Kyaftin Metivier, shi ma ya lura da cizon jemage a jikin shanun da ke mutuwa. Cikin watan Satumba na 1931 Pawan ya duba ƙwaƙwalwar wani jemage da aka kama yana wasu halaye da ba na lafiyayyen jemage ba, ya ga ɗigon Negri a ciki. A 1932 ya samu ƙwayar cutar a jikin jemage mai shan jini.

Daga nan ya shiga aiki mai hatsarin gaske. Ya riƙa ajiye jemagu masu ciwon da ransu cikin keji, yana barinsu su ciji dabbobin gwaji, yana jira ya ga abin da zai faru. Dabbobin suka kamu, suka mutu da irin shanyewar da ake gani a ƙauyuka. Sai mu tuna cewa wannan ciwo ba shi da magani da zarar alamunshi sun fito, kuma rigakafin zamanin allurai ne da yawa a fatar ciki masu wahalar da jiki. Kuskure ɗaya wajen kama jemage na iya zama ajalin mai binciken. Haka ya yi shekaru yana wannan aiki, ya fitar da cikakken bayaninshi a 1936.

Da aka koma aka bi sawun marasa lafiya da sabuwar tambaya, sai aka tarar da yawansu jemage ya taɓa cizonsu cikin barci, makonni kamin su kwanta. Ba su faɗa ma likita ba don ba su ɗauke shi a bakin komi ba, likita kuma bai tambaya ba don cizon kare yake nema.

Wane irin jemage ne wannan

Cikin jemagu iri fiye da 1,400 da ke duniya, iri uku kaɗai ke rayuwa da jini, kuma dukansu a nahiyar Amurka suke, daga Meziko zuwa arewacin Arjantina. Wanda ya fi ɓarna cikinsu masana na ce mashi Desmodus rotundus. Ɗan ƙarami ne, nauyinshi bai wuce giram 40 ba. Da rana yana cikin kogo, ko ramin itace, ko tsohuwar rijiya, ko kangon gida. In dare ya yi duhu sai ya fito, ba ya son farin wata, ba ya son hasken fitila.

Yakan sauka ƙasa kusa da dabba mai barci, ya tako da ƙafa da fukafuki har ya isa gare ta. A hancinshi akwai abin da ke jin ɗumin jini, da shi yake gane inda jijiya ta matso kusa da fata. Haƙoranshi sun fi aska kaifi, yakan yanke ƴar fata kaɗan ba tare da mai barci ya farka ba. Miyaunshi na hana jini daskarewa, sai jinin ya riƙa tsiyaya shi kuma yana lasa. Cikin wannan miyau ƙwayar cutar take in yana da ita. A jikin mutum ya fi cizon yatsan ƙafa, da hanci, da kunne, da kai, wato duk inda mayafi bai rufe ba. Da safe abin da za a gani ɗan rauni ne da jini a shimfiɗa.

Wannan jemage ba ya iya wuce dare biyu ko uku bai sha jini ba, don haka kullum cikin nema yake, kuma in ya samu dabbar da ta yi mashi sauƙi yakan koma mata dare bayan dare. Can cikin kogo jemagun na lasar juna, suna cizon juna, wanda ya ƙoshi na ba wanda bai samu ba jini baki da baki. Ta haka ciwon ke yawo tsakaninsu. Kamin Turawa su kai shanu da dawaki da aladu nahiyar Amurka, namun daji yake bi. Zuwan garkunan bisashe ya ba shi abinci a sauƙaƙe, ya hayayyafa.

Pawan ya ɗauka akwai jemagun da ke iya riƙe ƙwayar cutar tsawon lokaci suna yaɗa ta ba tare da ta kayar da su ba. Binciken da aka yi bayanshi ya gyara wannan: jemagen da ya kai ga yaɗa ciwon shi ma ciwon kan kashe shi, kuma cikin taron jemagu ƙalilan ne ke ɗauke da shi a lokaci guda. Amma tushen abin da ya gano na nan daram.

Su wa ciwon ya fi ɗauka

Annobar Tirinidad ba ta bi gidajen manya da ke da tagogi masu rufi ba. Mutanen karkara ta fi ci, ƴan ƙwadagon gonakin rake da koko da iyalansu. Ɗakunansu na katako ne ko na ƙasa, da tazara tsakanin bango da rufi, ga zafi da ke sa a bar taga buɗe. Saniya ko jaki ko akuya na ɗaure a bakin ɗaki. Jemagen da ya zo neman dabba, in ya tarar da ƙafar yaro a waje ba ya bambantawa. Shekarun nan kuma shekarun talauci ne, farashin koko ya faɗi, kuɗin gyaran ɗaki ko na sange ba kowa ke da shi ba.

Sai kuma sabo. Inda jemage ke cizon mutane tun kaka da kakanni, cizon ba ya tada hankalin kowa, kamar yadda ba mai zuwa likita a nan don sauro ya cije shi. Ga kuma camfi. Mutanen tsibirin na da labarin wata mayya da suke ce ma sukuya, tsohuwa ce wai da ke tuɓe fatarta da dare ta shiga ɗakuna shan jinin masu barci. Wanda ya tashi ya ga tabo a jikinshi ya riga yana da bayanin da zai ba kanshi, kuma bayanin ba ya kai shi asibiti.

Abu na ƙarshe shi ne tazarar da ke tsakanin cizo da ciwo. Ƙwayar cutar ba ta bin jini, jijiyoyin laka take bi a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Kamin ciwon ya fito rauni ya warke, an manta da shi. Wannan tazara ita ke ruɗin mutane, kuma ita ce damar da ake da ita, don cikinta ne allura ke iya tare ciwon a hanya.

Ƙarshen annoba

Da aka san mai laifi sai aka san abin yi. A 1934 gwamnatin Tirinidad ta fara aikin rage jemagu masu shan jini, ta shiga yi ma bisashe rigakafi kyauta, ta kuma yi kira ga jama'a su toshe kafofin ɗakuna da garkuna da ragar waya. Wanda jemage ya ciza aka riƙa yi mashi allura. Mutum na ƙarshe ya mutu a 1937. Jimillar waɗanda annobar ta kashe mutum 89 ne, ban da dubban shanu. Tun daga wannan shekara ba a sake jin ciwon ya kashe mutum a Tirinidad ba, ko da yake har yanzu yakan taɓa bisashe lokaci lokaci, kuma masu bincike na ganin jemagun da ke tsallako teku daga Benezuwela ne ke sake kawo shi.

A 1934 masarautar Ingila ta ba Pawan lambar girma ta MBE saboda wannan aiki. Bai bar ƙasarsu ya koma Turai ba, ya ci gaba da aiki a ɗakin awonshi na Port of Spain, yana bincike har kan sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Ya rayu har ya ga maganarshi ta tabbata a wasu wurare: a 1953 aka samu ciwon a jikin jemage a jahar Florida ta Amurka, inda babu masu shan jini, wato jemagu masu cin ƙwari ma na iya ɗauke da shi. Dokta Pawan ya rasu ran 3 ga watan Nuwamba na 1957, yana da shekara 70. A 2002, lokacin da ƙungiyar lafiya ta ƙasashen nahiyar Amurka ke bikin cika shekara 100, ta sa sunanshi cikin gwarzayen kiwon lafiya na yankin.

Bayan Pawan

Ƙasashen nahiyar Amurka sun yi ƙoƙari ƙwarai wajen yi ma karnuka rigakafi, har a 2019 OMS ta tabbatar cewa Meziko ta rabu da haukan da kare ke sa ma mutum. Amma na jemage bai ƙare ba. A 2004 ya kashe fiye da mutum 20 a ƙauyukan bakin kogi na jahar Para ta Burazil, kuma wannan ce shekara ta farko da jemage ya fi kare kashe mutane da ciwon a yankin. A 2011 ya kashe yara da manya a ƙauyukan dajin Amazon na Peru da Ekwado.

Dalilan kusan su ne na zamanin Pawan: ɗaki marar bango, kwana ba sange, nisa da likita, wani wuri sai an yi kwanaki cikin kwale-kwale. An kuma lura da wasu sabbi. In aka sare daji namun daji suka gudu, ko masu haƙar zinariya suka kafa sansani cikin kurmi, ko ƙauye ya sayar da aladu da shanunshi gaba ɗaya, jemagen da ya rasa abincin da ya saba sai ya juyo kan mutane. Kashe jemagu da guba ma bai warware matsalar ba, wani bincike da aka fitar a 2012 kan ƙasar Peru ya nuna bai rage ciwon cikinsu ba. Peru kuma ta koma yi ma mutanen irin waɗannan ƙauyuka rigakafi tun kamin a cije su.

Mu nan gida

Jemagunmu ƴaƴan itace da ƙwari suke ci, ba su shan jini. Suna ma da amfani ga kasuwa: su ke bin furen kuka da na ɗorawa da dare suna haɗa barbararsu, wato mai sayar da ƴaƴan kuka da mai daddawar kalwa duk suna cin albarkacinsu. Babu dalilin ƙone masu mazauni. Sai dai wasu jemagun Afirka na ɗauke da ƙwayoyin cuta ƴan uwan na haukan kare. An gano ɗaya a jikin jemagen ƴaƴan itace a Legas a 1956. Wata kuma, da ake ce ma Duvenhage, ta kashe mutum a Afirka ta Kudu a 1970 da 2006, ta kashe wata baƙuwa da jemage ya karta a Kenya a 2007. Abin ba shi da yawa, amma ya isa a hana yara ɗaukar jemagen da ya faɗo ƙasa da rana, don lafiyayyen jemage ba ya haka.

Babban hatsarinmu kare ne. OMS ta ƙiyasta ciwon na kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kashi 99 cikin ɗari daga kare, kuma huɗu cikin goma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Abubuwan da suka kashe mutanen Siparia su ne ke kashe namu: raina ƙaramin rauni, ɓoye cizo, jira a ga abin da zai faru. Yaro kan ɓoye ma uwarshi cewa kare ya karce shi don tsoron duka, saboda haka a sabar ma yara faɗa ba tare da faɗa ya biyo baya ba.

In kare ko kyanwa ko jemage ya ciji mutum ko ya karce shi, a wanke wurin nan take da ruwa mai yawa da sabuni har tsawon minti 15. Kada a sa toka ko barkono ko ƙasa, kada a ɗaure. Sa'annan a tafi CSI ko asibiti ranar nan, ko da ranar kasuwa ce, a nemi allurar rigakafin haukan kare. Ta yanzu a dantse ake yi, zuwa uku ne zuwa biyar, kuma a cika su duka. In karen na gida ne a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, amma kada a jira kwanakin su cika kamin a fara allurar. Masu karnuka su kai su ma'aikatar kiwo a yi masu rigakafi, don in aka yi ma bakwai cikin goma na karnukan gari, ciwon kan daina yawo.

Ga dillalai da mahauta da masu kiwon turka, akwai abin kiyayewa guda. Saniya ko akuya ko jakin da ke zubar da miyau, ya kasa haɗiya, ƙafafun baya na rawa, kada a tura mashi hannu a baki da sunan cire ƙashi ko leda. Kada a yi gaggawar yanka shi a kai kasuwa don gudun hasara, wanda ke feɗewa da yankan hannu shi ke cikin hatsari. A ware dabbar gefe, a kira likitan bisashe. Ran 28 ga watan Satumba na kowace shekara, ranar da Pasteur ya rasu a 1895, ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo ta duniya, kuma ƙasashe sun sa ma kansu burin kada kare ya ƙara kashe kowa da shi daga shekara ta 2030.